Thriller ya fi kasuwa, amma shi ne kundin Michael Jackson mafi kyau?

Wani matashi daga unguwar Zariya a nan Maraɗi, mai koyon haɗa sauti a situdiyo, ya aiko da wannan tambaya: "Baba, gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu. Abokaina sun ce tunda Thriller ya fi kowane kundi sayuwa a duniya, to shi ne aikin Michael Jackson mafi kyau, sauran duk ciko ne. Ni kuwa a kati na san waƙoƙinsa, a cakuɗe, ban san wacce ta fito daga wane kundi ba. Mene ne bambancin kundayen nasa, kuma wanne ya fi?"

Ɗana, abokanka sun faɗi gaskiya a batun kasuwa. Ana ƙiyasta cewa an sayar da Thriller kusan miliyan 70, kuma babu kundin da ya kamo shi har yau. Sai dai ciniki yana gaya maka yawan waɗanda suka saya ne kawai, ba ya gaya maka yadda aka yi aikin. Kai da ke koyon zama gaban na'ura, aikin ne ya kamata ya dame ka. Ni a wurina Off the Wall ne kan gaba, kuma zan ba ka dalilina, amma sai ka fara gane abin da katin nan ya ɓoye maka.

Masu tura waƙa suna zuba maka waƙoƙi ɗari a jere, ta 1979 tana bin ta 2001, babu farko babu ƙarshe. Mu da muka yi sana'ar kwafar kaset a kasuwa, lokacin da kaya ke shigowa daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa, dole ta sa muka san tsawon kowane kundi, domin kaset mai minti 90 yana ɗaukar minti 45 ne a kowane gefe. Off the Wall minti 42 ne. Thriller ma minti 42. Sai ka sa ɗaya a gefe ɗaya, ɗayan a bayansa, mai saye ya tafi da kundi biyu a kaset guda. Bad, yadda ya fito a faifai da waƙa goma, shi ma yana shiga gefe guda. Da Dangerous ya zo a 1991 sai lissafi ya rushe: minti 77, ya cinye kaset ɗin gaba da baya. Wannan tsawon da ya kusa ninkawa, da kuma mutumin da ya bar situdiyo kafin hakan ta faru, su ne suka raba aikin Michael gida biyu.

Kundayensa na manyanta shida ne, amma kafin su akwai huɗu da ya yi yana yaro a kamfanin Motown: Got to Be There da Ben a 1972, Music & Me a 1973, sai Forever, Michael a 1975. An haife shi a 1958 a garin Gary na jihar Indiana, ka ga ke nan yana da shekara 13 ya fara fitar da kundi shi kaɗai. Muryar yaron abin mamaki ce, tana rera baƙin cikin da shekarunsa ba su kai ya sani ba. Amma ba shi ke zaɓar waƙa ba, ba shi ke rubutawa ba, kamfani ne ke miƙa masa ya rera. Ka saurare su don ka ji inda muryar ta taso. Ba na sa su a awo ɗaya da na baya, domin babu hannunsa a shawarar yin su.

Shi da 'yan'uwansa da suke waƙa tare, ban da Jermaine, sun bar Motown a 1975 suka koma Epic. A wajen aikin fim ɗin The Wiz na 1978 ya haɗu da Quincy Jones, dattijon da ya riga ya tsara wa Frank Sinatra da Count Basie kiɗa, kuma ya girme shi da shekara 25. Daga nan aka samu Off the Wall, wanda Quincy ya jagoranci aikinsa a situdiyo, a watan Agusta na 1979, Michael bai cika 21 ba.

Waƙa goma ce. Ka zauna ka saurari huɗun farko a jere ba tare da ka taɓa wayar ba: Don't Stop 'Til You Get Enough, Rock with You, Working Day and Night, Get on the Floor. Abin da za ka ji mutane ne ke kiɗa da hannuwansu. John Robinson a kan ganguna, Louis Johnson yana marin jitar bas da babban yatsa, Jerry Hey da mutanensa suna busa, Greg Phillinganes a kan piyano. Bruce Swedien ne injiniyan sauti, kuma ya ba kowane kayan kiɗa wurin zamansa, babu mai take wani. Na daɗe ina gaya wa yaran da ke koyo a hannuna cewa in suna son sanin me ake nufi da sarari a cikin sauti, su sa Rock with You su rufe ido su nuna mini inda kowane makaɗi yake tsaye. Za ka iya nunawa. Ga muryar kuma a sake take. Yana hawa sama ba tare da ƙoƙari ba, yana dariya a tsakiyar baiti, kana jin mutum ne da ya samu 'yancin kansa yana murna. A ƙarshen She's Out of My Life muryar ta karye da kuka, Quincy ya ce a bar ta haka, aka bar ta.

Michael ya rubuta biyu shi kaɗai, ya yi tarayya da Louis Johnson a ta uku. Rod Temperton, Baturen Ingila na ƙungiyar Heatwave, ya kawo uku. Stevie Wonder na cikin waɗanda suka rubuta I Can't Help It, wadda a kunnena babu waƙar Michael da ta kai ta laushin tsari. Waƙar Paul McCartney, Girlfriend, ita ce mai rauni a ciki, amma minti uku ce, kafin ta gundure ka ta wuce. Kundin ya sayu sosai, waƙoƙinsa huɗu suka shiga goman farko a Amurka, amma a bikin Grammy lamba ɗaya tak aka ba shi, a rukunin waƙoƙin baƙar fata, ba a ko sa shi takarar kundin shekara ba. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Ka riƙe wannan, domin daga wannan ɓacin ran Thriller ya fito.

Thriller ya fito a ƙarshen Nuwamba 1982, da waƙa tara. An gina shi da niyyar kada a sake samun wanda zai ce ba nasa ba ne. Kamar shagon babban ɗan kasuwa yake, wanda duk mai shigowa sai ya tarar da irin kayansa. Mai son kiɗan jita mai kaushi ga Beat It, da Eddie Van Halen. Gidajen rediyon fararen fata ga The Girl Is Mine, da Paul McCartney, kuma ita aka fara saki. Mai son taushi ga Human Nature, wadda Steve Porcaro na ƙungiyar Toto ya kawo. Yara ga Thriller da muryar Vincent Price ta ban tsoro. Mu 'yan Afirka ma an taɓo mu, ko da yake ba ta hanyar da ta dace ba: amshin da ke rufe Wanna Be Startin' Somethin' daga Soul Makossa ta Manu Dibango ɗan Kamaru aka ɗauko shi, waƙar 1972, ba tare da izini ba, sai da ya kai ƙara aka sasanta da shi. Dabarar ta ci. Waƙa bakwai cikin tara suka shiga goman farko, kundin ya yi mako 37 a matsayi na ɗaya, a 1984 kuma Michael ya kwashi Grammy takwas a dare guda.

Amma ka lura da abin da ya taimaki cinikin wanda ba a cikin faifan yake ba. Rawar ja da baya da ya yi a bikin cikar Motown shekara 25, wadda aka nuna a talabijin a watan Mayu 1983. Tashar MTV, wadda da kyar take sa baƙaƙen mawaƙa kafin Billie Jean. Bidiyon Thriller mai kusan minti 14 da John Landis ya shirya, wanda ya fito shekara guda bayan kundin ya sake tayar da kasuwarsa. Da yawa cikin waɗanda ke rantsuwa da Thriller a fada, in ka bincika, jar rigar da rawar gawawwaki suke tunawa. Ka tambaye su Baby Be Mine ko The Lady in My Life ka gani.

Ba ina rage wa kundin daraja ba ne. Gefensa na biyu, daga Beat It zuwa Billie Jean zuwa Human Nature, ban san wasu waƙoƙi uku a jere da suka fi su ba a irin wannan kiɗa. Billie Jean kaɗai makaranta ce: ganga da bas su biyu suna tafiya kusan rabin minti kafin murya ta shigo, kuma daga bugun farko ka san wace waƙa ce. Swedien ya ce sau 91 ya haɗa sautinta, daga ƙarshe aka koma aka ɗauki na biyu. Abin da ya sa na ɗora Off the Wall a kansa shi ne, shi Off the Wall jiki ɗaya ne daga farko har ƙarshe, Thriller kuwa taron gwanaye ne da kowanne ya zo daga gidansu, kuma The Girl Is Mine ba ta cancanci zama kusa da Billie Jean ba.

Akwai labari biyu daga aikin Thriller da nake so ka haɗa su wuri ɗaya. Na farko, Quincy Jones ya ba da labarin cewa da suka gama suka saurari gwajin faifan, sai suka ji sautin ya siraɗe, babu nauyi. Dalili kuwa na fasaha ne: faifan garmaho, in ka cusa masa mintoci da yawa a gefe guda, layukan da allura ke bi sai sun matsu, in sun matsu kuma ƙarfin sauti da bas sai su ragu. Dole suka koma suka yanke, har aka cire baiti guda daga The Lady in My Life, suka sake haɗa sautin. Na biyu, Quincy ya so a rage doguwar shimfiɗar Billie Jean, Michael ya ƙi, ya ce ita ke sa shi rawa, Quincy ya sakar masa. Ka ga a ɗakin nan akwai mai cewa a yanke, akwai mai cewa a bari, ga kuma faifai da ba ya karɓar abin da ya wuce kima. Wani lokaci dattijon ke da gaskiya, wani lokaci yaron. Wannan ja-in-ja ita ce ta tace kundayen uku.

Na ukun shi ne Bad, ƙarshen Agusta 1987. A nan Michael ya rubuta tara cikin goma sha ɗaya, in ka haɗa da Leave Me Alone da aka ƙara a sidi. Waƙoƙinsa biyar suka hau matsayi na ɗaya a Amurka, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi. Sai dai sauti ya sauya. Na'urori sun karɓi wurin makaɗa da yawa, ganga ta yi kaifi ta bushe, muryar ma ta fara cije haƙora, shaƙuwar nan da ajiyar numfashi da yake yi sun zama kayan kiɗa na kansu. A Smooth Criminal hakan ya yi kyau matuƙa. A Speed Demon kuwa ana jin shekarun na'urar, yau in ka sa ta sai ta yi maka tsufa fiye da duk abin da ke cikin Off the Wall, alhali ta zo bayansa da shekara takwas. Man in the Mirror, wadda mutane ke ɗauka tasa ce, Siedah Garrett da Glen Ballard ne suka rubuta ta, amma rerawar da ya yi mata tare da mawaƙan coci na Andraé Crouch tana cikin mafi ƙarfin da ya taɓa yi. Matan da ke son Liberian Girl su sani cewa maganar da ke buɗe ta Swahili ce, daga bakin Letta Mbulu 'yar Afirka ta Kudu. Abin da ke damuna da Bad shi ne ana jin gasa a cikinsa. Mutum ne ke tsere da abin da ya yi da hannunsa shekara biyar baya.

Daga Bad suka rabu da Quincy. A daidai lokacin kuma sidi ya kori faifai, shi kuwa sidi yana ɗaukar sama da minti 70 ba tare da sauti ya ragu ba. Mai cewa a yanke ya tafi, iyakar faifai ma ta tafi, duka a lokaci guda.

Dangerous, Nuwamba 1991, waƙa 14. Ina ganin girman wannan kundi fiye da yadda mutanen zamanina ke gani, kuma in wani a fadarku ya ce shi ne na ɗaya, ba zan ce bai san kiɗa ba. Michael ya ɗauko Teddy Riley, saurayi ɗan Harlem da bai kai shekara 25 ba, mai salon bugun da ake rawa da shi a lokacin. Waƙoƙi shida na farko duk da hannunsa, kuma bugunsu kamar ana sara ƙarfe: Jam da ƙarar fashewar gilashi take buɗewa, She Drives Me Wild da ƙarar mota da oda aka gina kiɗanta. Remember the Time ce ta fi kowacce daidaito a cikinsu, kuma a nan za ka ji yadda yake jera muryarsa hawa-hawa ya yi wa kansa amshi. Daga waƙa ta bakwai sai kundin ya juya ya zama wani abu dabam: Heal the World, Black or White da Bill Bottrell, Give In to Me da jitar Slash, Will You Be There da ke farawa da wani yanki na kiɗan Beethoven ta kuma wuce minti bakwai. Who Is It na can a tsakiya, kuma a ganina ita ce 'yar'uwar Billie Jean ta gaskiya, mai duhu da zargi, sai dai yawan kayan da ke kewaye da ita ya sa ba a cika lura da ita ba. Da an samu mai cire waƙa huɗu, a rage wa sauran minti ɗaya-ɗaya na maimaici a ƙarshe, da gardamar fadarku a kan Dangerous ake yin ta. Wannan kundi ne yake kai lokacin da ya zo Gabon da Kodebuwa da Tanzaniya a Fabrairu 1992, har aka yi masa naɗin sarauta a garin Krindjabo na Kodebuwa, shi ya sa da yawa a yankinmu da shi suka fara sanin mutumin sosai.

HIStory na Yuni 1995 ba ya saurarwa sai ka san abin da ya gabace shi. A 1993 an zarge shi da lalata da yaro. Ya musanta, aka sasanta ƙarar a wajen kotu a farkon 1994. Daga baya, a wata shari'a ta dabam a 2005, kotu ta wanke shi, kuma zarge-zarge ba su daina fitowa ba har bayan mutuwarsa. Magana ce mai nauyi, ba ta kiɗa ba ce, amma ta shiga kiɗan. Kundin sidi biyu ne, ɗaya tsofaffin waƙoƙi 15, ɗaya sababbi 15, kuma sababbin cike suke da fushi: da 'yan jarida, da mai gabatar da ƙara, da masu kuɗi. Scream, shi da ƙanwarsa Janet, da Jimmy Jam da Terry Lewis a kan na'ura, ihu ce daga farko har ƙarshe. They Don't Care About Us ta samu karɓuwa a ƙasashe irin namu saboda kowa na iya sa kansa a cikin kukan, ga kuma gangunan Olodum na Brazil a bidiyon Spike Lee. Amma waƙar da nake komawa gare ta ita ce Stranger in Moscow, a hankali take tafiya, bugunta daga bakinsa aka ɗauko shi, kuma babu inda kaɗaicinsa ya fito fili kamar a nan. Kundi ne mai gaskiya, mai gajiyarwa. Babu wanda ya ce masa fushin ya isa haka, ko kuma Little Susie da Childhood ba su da wurin zama kusa da waɗancan.

Invincible na Oktoba 2001 ba zan daɗe a kansa ba. Waƙa 16, minti 77 kuma, shekaru ana yi, an kashe kuɗin da aka ce ya kai dala miliyan 30 na Amurka. Rodney Jerkins ya yi manyan waƙoƙin bugu, kuma ukun farko sun cushe har murya na neman hanyar fita. Saɓani ya shiga tsakaninsa da kamfanin Sony, bai yi rangadi don kundin ba, tallarsa ta tsaya da wuri. Duk da haka kada ka yarda da masu cewa muryar ta ƙare. Ka nemi Butterflies, da Break of Dawn, da Whatever Happens inda Carlos Santana ya kaɗa jita. Yana da shekara 43 yana rera Butterflies da sakin jikin da rabon a ji shi tun 1979. Waƙoƙi tara masu kyau na cikin kundin nan, an binne su da bakwai da ba a buƙata.

Tunda sana'ar kake koyo, ga yadda zan so ka bi su. Ka sa mai tura waƙa ya zuba maka kowane kundi a jakarsa dabam, bisa jerin da aka fito da shi, ka kashe cakuɗawa. Ka nemi abin sawa a kunne mai kyau, domin lasifikar waya ba ta fitar da bas, kuma rabin aikin Louis Johnson a can ƙasa yake. Ka fara da Off the Wall, washegari Dangerous, don ka ji tazarar da ke tsakanin hannun mutum da na'ura, da tsakanin minti 42 da 77. Bayan nan ka dawo kan Thriller. A kowace waƙa ka lura da lokacin da hankalinka ya fara tafiya wani wuri, ka duba agogo ka rubuta. A Off the Wall takardarka za ta kusa zama fara. A Invincible za ta cika.

Za ka kuma ci karo da kundi biyu da aka fitar bayan rasuwarsa a ranar 25 ga Yuni 2009: Michael a 2010 da Xscape a 2014. Waɗannan kada ka sa su a lissafi. Ragowar aikin da bai gama ba ne wasu suka ɗora wa kiɗa, bai ji su ba balle ya amince. A na 2010 ma akwai waƙoƙi uku da danginsa da masoyansa suka yi ta cewa ba muryarsa ba ce, har a 2022 kamfanin ya janye su daga wuraren sauraro na intanet. Blood on the Dance Floor na 1997 shi da ransa ya fito, amma sababbin waƙoƙi biyar ne kawai a ciki, sauran tsofaffin HIStory ne aka sauya wa kiɗa, don haka in za ka saurara, ka tsaya a biyar ɗin farko.